Wushiryar 'Yar Auta

Ranar da aka cire wa matata bandejin ido, maganarta ta farko a kaina ta sauka.

"Malam, wa ya ba ka izinin tsufa haka?"

Likita ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na ɗauki jakarta na ce mu tafi.

Shekaru ta yi yanar ido ta rufe mata gani, mutane take gani kamar inuwa a cikin ruwan wanki. Yanzu an cire. Daga asibiti zuwa gida bakinta bai rufu ba. Ta karanta allon kowane shago da ƙarfi. Ta ɗaga wa wani mai facin taya hannu, ba ta san shi ba, wai rigarsa ja ce. Da muka shiga falo ta kalli labule ta ce, "Wa ya zaɓi wannan abin kunyar?" Ita ta zaɓa. Ba wanda ya gaya mata.

Sai ta juya ta ga madubin.

Ni mai madubi ne. Yankan gilashi na yi tun ina saurayi, har hannu ya fara rawa na bar wa yara shago. Ranar da aka shiga da ita ɗakin tiyata ban zauna a benci ina jira ba. Na koma shagon, na kori yaran daga teburi, na yanko mata madubi da hannuna. Tsayinsa ya fi ni, faɗinsa ya fi ƙofa. Na goge gefensa har ya yi santsi, na kafa shi a bangon falo da ƙugiyoyi masu ƙarfi. Na tara gidan na ce, "Wannan madubin ya hau ke nan. Ba ya sauka ina da rai."

Ta tsaya gabansa ta cire baƙin tabarau. Ta daɗe.

"Sannu, baiwar Allah," ta ce wa kanta. "Ina kika shiga?"

Sai ta matsa kusa, ta buɗe baki, ta leƙa tsakanin haƙoranta na gaba.

"Tana nan! Wallahi tana nan!"

Wushiryarta take nufi. A kan wushiryar nan muka daɗe muna gardama. Autanmu yana aiki a wata ƙasa mai nisa, can ya yi aure, can aka haifa masa 'ya. Kakarta ba ta taɓa ganin ta ba sai dishi-dishi a waya. Wata rana Auta ya ce, "Mama, yarinyar nan ta ɗauko wushiryarki sak." Ni na ce kowane ƙaramin yaro haƙoransa a warwatse suke. Tun ranar ba mu shirya ba.

Don a raba gardama, Auta ya ɗauki bidiyon yarinyar da babbar kyamara, irin wanda ake ganin kowane gashin ido. Ya turo. Surukina, mijin babbar 'yata, ya ajiye shi a tsohuwar kwamfutar da ke ɗakin baya. Ya sa wani ɗan baƙin akwati a ƙarƙashin talabijin, wanda yake janyo hoto daga kwamfutar ta iska, ba waya ba kebul. Tsakaninsu akwai wani abu mai ƙahoni biyu a ɗakin bayan, rauta sunansa, shi ke turowa. Kafin aikin ido Suruki ya gwada, abin ya tafi sumul. Amma bai wuce farko ba Tsohuwa, matar tawa, ta ce a kashe.

"Kowa ya riƙe idonsa sai nawa ya buɗe."

Yau ya buɗe. Kuma yau da yamma 'yata da mijinta za su kama hanyar garinsu, gobe yana da aiki a kantin magani. In sun tafi, ni da Tsohuwa ba mai taɓa rimot. Ita ba ta iya ba. Ni ba na so.

Aka ja mata kujera tsakiyar falo. Suruki ya durƙusa gaban talabijin.

"Injiniya, bismillah," in ji 'yata. Haka take kiran sa in tana son tsokana.

Ya danna. Hoto ya fito garau, har na ɗan matsa gaba ban sani ba. Ga kafet, ga ƙafar kujera, ga wata 'yar ƙafa cikin safa mai ɗigo-ɗigo. Tsohuwa ta dafe ƙirji.

"Safa! Malam, ka ga safa?"

"Na ga safa."

Kyamara ta fara hawa. Gwiwa. Riga. Sai komai ya tsaya cak. Wani farin zobe ya fito tsakiyar hoton yana juyawa.

"Wannan fa?" in ji Tsohuwa. "Shi ma Auta ne ya turo?"

"Yana lodi ne, Mama," in ji Suruki. "Yanzu zai wuce."

Ya wuce. Muka sami wuya da haɓa. Zobe ya dawo. Da ya sake tafiya kyamarar ta juya, hancin Auta ya cika talabijin tun daga sama har ƙasa, ya tsaya a nan. 'Yata ta faɗi kan kujera tana dariya.

"Wannan dai hancinka ne, Baba, ba gardama."

"Hanci ne mai kyau," na ce.

Suruki ya kashe akwatin ya kunna. Ya shiga ɗakin baya ya kashe mai ƙahonin ya kunna. Ya dawo ya ce kowa ya cire wayarsa daga layin gidan, wai wayoyi suna cinye hanya. Na ce tawa ba ta cin komai, kira take yi kawai. Aka sake dannawa. Safa, gwiwa, riga, zobe.

"Ga ɗan gida ya dawo," in ji Tsohuwa. "Sannu da zuwa. A kawo masa ruwa."

Ya gwada tsallakawa gaba, can inda Auta ya ce yarinyar ta yi dariya. Allon ya yi baƙi, zoben kaɗai ya rage yana ta zagaye kamar akuya a turke.

Gumi ya fara fito masa. Tsohuwa ta ƙura masa ido, abin da ba ta taɓa yi ba tunda ya auri 'yarta.

"Ikon Allah. Ashe sanƙo gare ka?"

"Mama!" in ji 'yata.

"To ni da na aurar da ke ga mai gashi? Yaushe aka yi wannan canjin?"

Suruki ya sunkuyar da kai, sanƙon ya ƙara fitowa. Yaro ne mai kunya. Ya ce, "A hankali ya tafi, Mama. Ban so in tayar miki da hankali ba."

Ta yi dariya har 'yata ta riƙe ta tana cewa likita ya hana jijjiga.

"Akwai dabara," in ji Suruki. "Hoton ne ya yi nauyi. In na rage masa nauyi zai tafi."

Ya shiga wani wuri ya latsa. Abin ya tafi kuwa, bai tsaya ba. Safa, gwiwa, riga, wuya, fuska. Amma fuskar ta zama murabba'i-murabba'i kamar tayil ɗin banɗaki. Yarinyar ta buɗe baki, sai wani farin shafe kawai, kamar an goga alli da yatsa.

Tsohuwa ta rufe idonta da hannu.

"Kashe."

"Mama, ai ga ta nan tana..."

"Kashe, ɗan nan. Haka na yi shekaru ina ganin ku duka. Ban kwanta an saka min wuƙa a ido don in sake ganin wannan ba."

Ya kashe. Na kalli Suruki na ce, "Mayar da nauyin. Garau za ta gan shi."

Daga nan aka shiga hauka. Ya ciro filashi, ɗan abin kwafar bidiyo, daga aljihu ya ce zai kwafo bidiyon ya soka a akwatin kai tsaye. Ya tafi ya dawo: filashin ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Ya nemi dogon kebul. Muka zazzage durowa, muka sami cajar wayoyin da suka mutu, da makullin wani gida da muka bari tuntuni, da tabarau ɗina da na zargi mai wanki a kai. Ba kebul. Aka ce a ɗauko kwamfutar a kawo falo, sai ramin bayanta bai dace da na talabijin ba. Aka ce a jawo mai ƙahonin, wayarsa ba ta kai ko ƙofa ba. Aka kira Auta. Yana wurin aiki, yarinya tana makaranta. Ya ce, "Kun kashe kun kunna?" 'Yata ta ce in ya sake faɗin haka za ta kashe shi ta kunna.

Suruki ya ɗaga ɗan akwatin sama. Zobe. Ya ɗora shi kan littattafai. Zobe. Ya juya ƙahonin ɗaya hagu ɗaya dama, ya leƙo ta ƙofa yana tambaya, "Yanzu fa?" Mu uku muka amsa baki ɗaya, "Zobe!"

Tsohuwa ta fara yi wa zoben waƙa tana tafi. Ba zan rubuta waƙar ba.

"Na rasa gane wa," in ji Suruki. Ya zauna a ƙasa. "Wallahi, Baba, da na gwada shi kafin aiki, ko tari bai yi ba. Akwati ɗaya, kwamfuta ɗaya. Me ya canza a gidan nan?"

"Ido," in ji Tsohuwa.

"Ko maƙwabci ne yake jan layinmu?" in ji 'yata.

Na miƙe na ɗauki sandata.

"Baba, zauna, wasa nake!"

Na zauna. Amma na riƙe sandar.

Rana ta fara karkata. Na ga Suruki yana satar kallon agogo. Na ga Tsohuwa ta daina waƙa, tana murza bakin mayafinta. Ta ce, "Ku tafi kar dare ya yi muku. Na jira shekaru, zan ƙara." Da fara'a ta faɗa. Na san wannan fara'ar. Ba ta da kyau.

'Yata ta tashi da wayarta, ta mayar da ita kan layin gidan. Ta ce za ta zagaya ta ga inda sabis yake da ƙarfi. A ƙofar ɗakin baya ta ce, "Cike." A lungu ta ce, "Cike." Ta shigo falo, ta zo gaban madubi, sai ta manta abin da take yi ta tsaya gyara ɗankwali. Halin uwarta. Ta juya hagu, ta juya dama, sannan idonta ya faɗa kan wayar.

"Kai. Sabis ya koma layi ɗaya."

Ta matsa gefe, ta wuce bakin madubin. "Ya ƙaru." Ta dawo. "Ya faɗi." Ta fita, ta dawo, ta fita, ta dawo kamar mai rawa. Tsohuwa ta fara mata tafi.

Sannan ta juyo ta kalle ni. Ban so kallon ba.

"Baba, ɗakin baya yana bayan wannan bangon, ko?"

"Kin girma a gidan."

"Baba, da me ake yin madubi?"

"Gilashi."

"Gilashi kawai?"

Tambayar sana'ata ce, ba zan yi ƙarya a kanta ba. Na ce, "Gilashi ba ya nuna fuska. Ana shafa masa ruwan ƙarfe a baya, siriri, daga gefe zuwa gefe, ba a barin ko ƙofar allura. Sannan a rufe da fenti. Nawa kuwa shafi biyu ne, ba irin na kasuwa ba."

Ina faɗa ina jin abin da nake faɗa.

Suruki ya ɗago kai a hankali. Ya kalli madubin. Ya kalli talabijin da ke ɗaya bangon, daidai gabansa. Ya kalli ƙasa.

"Faɗi," na ce.

"Baba... ƙarfe ba ya barin sabis ya wuce. Ƙaramin hoto yana lallaɓowa ta lungu. Babban ba ya samun hanya."

"Wato madubina ne."

"Ban ce ba, Baba. Madubi ne mai kyau. Kyansa ne ma ya jawo. Da na kasuwa ne..."

Tsohuwa ta fashe. Ta riƙe ciki, ta nuna ni da yatsa, magana ta ƙi fita. Da ƙyar ta ce, "Shafi biyu! Ya toshe jikarsa da shafi biyu!"

'Yata ta zame daga kujera zuwa ƙasa. Har Suruki kafaɗarsa tana rawa, yana yi kamar tari ne.

Na bar su suka gama. Na ce, "Na faɗa gaban kowa. Ba ya sauka."

"Ni ma ban yarda ya sauka ba," in ji Tsohuwa tana share hawaye. "Yau na samu matar nan, ba za a ɗauke min ita ba." Sai ta kalli baƙin allon talabijin. Dariyar ta ragu.

Na kalli madubin. Aiki ne mai kyau. Ba kumfa, ba karkata. A cikinsa na ga bayan kanta, da talabijin, da jakunkunan tafiya a bakin ƙofa.

Na ajiye sanda.

"Kawo bargo," na ce wa 'yata. "Kai kuma zo nan. Ka riƙe inda na ce, kar ka riƙe inda ban ce ba."

Muka ɗaga shi daga ƙugiyoyin. Suruki yana nishi kamar mai ɗaukar firiji. Na ce masa gilashi ba ya son tsoro, ya riƙe kamar nasa ne. Muka taka a hankali, muka ratsa falon, 'yata tana gaba tana janye kujeru tana ihu, Tsohuwa tana ba da umarni da ba wanda ya tambaya. Muka tsayar da shi kan bargo a gefen talabijin. Babu inda za a jingina shi, taga ce a bayan. Kuma madubi mai wannan girman ba a jingina shi a kan komai. Na shiga bayansa na riƙe da hannu biyu.

"Baba, kawo in riƙe, ka zo ka kalla," in ji Suruki.

"Hannunka na ƙirga ƙwayar magani ne. Je ka danna."

Daga inda nake ba na ganin komai sai fenti mai ruwan toka. Fentina ne. Ya kwanta daidai.

Na ji ya danna.

"Safa," in ji Tsohuwa. "Gwiwa. Riga." Muka jira ɗan gida. "Wuya... Bai zo ba! Malam, zoben bai zo ba!"

"Hancin Baba," in ji 'yata. "Ya wuce! Ya wuce!"

Sai na ji muryar Auta yana cewa, "Gai da Kaka." Sai wata ƙaramar murya, siririya, ta faɗi wani abu da ba Hausa ba ba komai ba. Sai dariya. Dariyar yarinya, irin mai shaƙewa.



"Tsayar," in ji Tsohuwa, a hankali. "Tsayar min a nan, ɗan nan."

Na ji kujera ta motsa. Na ji takunta a kan tayil.

"Malam, juyo min da shi kaɗan."

Na gane abin da take so. Na tura gefen dama da yatsu.

"Ya yi yawa. Koma. Kaɗan. Tsaya!"

Na tsaya. Na matse madubin da gwiwar hannu. 'Yata ce ta gaya min daga baya abin da ke faruwa a gaba: fuskar yarinya a talabijin, baki buɗe, fuskar kakarta a madubi dab da ita, baki buɗe, tana kallon wannan tana kallon waccan.

"Sak," in ji Tsohuwa. Sai da ƙarfi: "Sak! Har ɗan karkacewar! Malam, ka faɗi! Ka faɗi ƙasa warwas!"

"Mama, kar ki murza idon!"

"Ba murzawa nake ba, ruwa ne yake fita da kansa. Sake min. Daga safa."

Aka sake daga safa. Aka kuma sakewa. Kafaɗata ta fara ƙuna. Na ƙara riƙewa.

"Malam, fito ka gani mana!"

"Wushiryar farko na sani," na ce. "Tun kafin a haifi yaran nan nake kallon ta."

"Ji shi! Yau kuma zaƙin baki? Ku shaida, a bayan madubi ya iya magana!"

Kafin su tafi na sa Suruki ya riƙe, na ɗauko na'urar huda bango. Na janye teburin fulawa, na huda sababbin ramuka a bangon talabijin, ta ɗaya gefen da ba taga. Muka rataye shi. Aka gwada bidiyon, ya tafi sumul. Suruki ya nuna wa Tsohuwa maɓalli ɗaya a rimot, 'yata ta ɗiga masa jan farce don kar ya ɓace mata.

A bakin mota 'yata ta ce, "Baba, ba ka ce ba ya sauka ba?"

"Bai sauka ba. Ƙaura ya yi."

Da suka tafi Tsohuwa ta ja ni ta zaunar a kujerarta. Ta danna jan maɓallin da kanta, da yatsa biyu, kamar mai kashe kunama. Safa. Gwiwa. Riga. Na kalla har ƙarshe.

"To?" in ji ta.

"Wushirya ce."

"Ƙara faɗa, kunnena bai ji ba."

"Aikin ido aka yi miki, ba na kunne ba." Na nuna talabijin da sanda. "Tsayar a nan. Kalli kunnuwan yarinyar."

Ta matsa kusa. Ta kalli yarinyar. Ta juyo ta kama haɓata, ta juya kaina gefe, ta kalli nawa da sabon idonta.

"Wayyo," ta ce. "Baiwar Allah. Bari in kira Auta, a fara saya mata ɗankwali."